Bakaniken da ya hana a sauke mini kan inji, da yaransa da suka shanye mini mai

Wata uku na yi ina tuƙi, ido ɗaya a titi, ɗaya a kan allurar zafi. Motar BMW Z3 ce ƙirar 1998 mai silinda 6, irin mai kujera biyun nan da ake zuge rufinta. Na san abin da za ku ce, don uwargida ta riga ku faɗa tun ranar da na shigo da ita gida: motar da ba ta ɗaukar yara ba ta ɗaukar buhun shinkafa, amfaninta me? Son zuciya ne, na yarda. Amma tawa ce, kuma da ta fara ciwo ni na san yadda na ji.

Ciwon nata iri ɗaya ne kullum. A buɗaɗɗen titi lafiya lau, ko Wudil zan je in dawo allura ba ta motsi. Amma in na faɗa cunkoson Ƙofar Nasarawa da la'asar, cikin zafin Afrilun nan namu na Kano, kafin minti 10 allura ta bar tsakiya ta fara hawa. In na kunna esi kuwa sai ta ƙara sauri. Ranar da ta fi ba ni kunya tururi ne ya turnuƙe daga bonet a tsakiyar titi, 'yan adaidaita suna ta danna mini hon, wani ya leƙo yana cewa, "Alhaji, a saya mata fiya wata mana, ƙishirwa take ji!"

Kanikawa uku suka taɓa ta kafin wanda nake wa wannan sharhi. Na farko ya cire tamostat, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, ya miƙo mini a leda, wai kayan ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. Na biyu rewaya ne, ya haɗa fankar lantarki ta gaba kai tsaye, da ka murɗa makulli ta kama kuka har sai ka kashe. Na uku ya buɗe murfin ruwa, ya ga kumfa na tasowa, ko tsugunawa bai yi ba ya ce tof gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan inji an kai an goge. Kuɗin da ya yanka mini ba sai na faɗa ba, kun san yadda kayan motar Jamus suke yanzu. Saura ƙiris in biya.

Wani abokina mai tsohuwar Marsandi ne ya ce in dakata, ya kwatanta mini garejin wani dattijo a cikin lungu, ko allo babu a ƙofar. Ba zan kama sunansa ba, masu tsofaffin motoci a garin nan sun san shi.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai buɗe bonet ba. Benci ya nuna mini, ya zauna ya yi ta jero mini tambayoyi kamar likita. "Yallaɓai, a tsaye take zafi ko a guje?" Na ce a tsaye. Ruwa yana raguwa? Eh, duk kwana biyu sai na ƙara. Wane ruwa nake zubawa? Na ce na rijiyar burtsatsen gidana, ya dube ni bai ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Da safe tana fitar da farin hayaƙi mai kauri ta salansa? A'a. Baƙin mai ya taɓa komawa kamar shayi da madara? A'a. Sai ya ce mini, motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ba ta samu, don a guje iskar hanya ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai gatanta. Wadda ke zafi a guje ita ce ake zargin ruwa ba ya zagayawa, ko lagireto ya toshe, ko famfo ya gaji. Magana ce mai sauƙi, amma cikin mutum ukun nan babu wanda ya yi mini ko tambayar.

Ya sa muka jira injin ya huce sarai, kusan awa biyu, na yi sallar azahar a masallacin lungun. Sannan ya ɗauko wani famfon hannu mai agogo, ya ɗaura a bakin tankin ruwa, ya hura iska ya tsaya yana kallon agogon. Allurar ta riƙa sauka a hankali. Ya bi da tocila, sai ga ɗigo a wuyan lagireto na sama, inda babban tiyo yake shiga. Wajen roba ne, ya yi tsaga siririya kamar gashi, in injin na da zafi ruwan ƙafewa yake kafin ya sauka ƙasa, shi ya sa ban taɓa ganin jiƙa a inda nake ajiye ta ba. Ya juya murfin tankin ya nuna mini lamba 200 a jikinsa, ya ce murfin nan an yi shi ne ya riƙe matsi har ba 2 ("ba" ma'aunin matsi ne), amma robar bakinsa ta bushe ta tsattsage, ba abin da yake riƙewa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a digiri 100 yake tafasa, in an matse shi da ba 1 kawai sai ya kai wajen 120. Injin da murfinsa ya saki tukunya ce ba marfi. Kumfar da na ukun nan ya gani ke nan, ruwa ne ke tafasa tun lokacinsa bai yi ba.

Ni dai hankalina yana kan gasket, na ce, "Malam, to in duk da haka ya ƙone fa?" Nan ne ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya fito da wata kwalba doguwa mai roba a ka, ya zuba mata wani shuɗin ruwa, ya rage ruwan tankin kaɗan, ya tayar da mota ta ɗau zafi, ya kafa kwalbar a bakin tankin yana matsa robar tana zuƙo iskar ciki tana ratsa shuɗin ruwan. Ya ce in gasket ya ƙone, hayaƙin silinda yana shiga cikin ruwan sanyaya inji, kuma da ya taɓa wannan shuɗin zai koma ruwan ɗorawa. Na tsaya a kansa zuciyata na bugawa, ina lissafin kuɗin makarantar yara. Ya matsa, ya matsa, minti biyu, minti uku. Shuɗi yana nan shuɗi. Don kada in ce ruwan nasa ne ya lalace, ya zagaya bayan mota ya kara kwalbar kusa da bakin salansa, ya matsa sau biyu, nan take ta koma ɗorawa. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Da na bi maganar bakanike na ukun nan, da an farke mini lafiyayyen inji a banza, kuma duk wanda ya san kan injin nan na alminiyom ya san in hannun da bai iya ba ya taɓa shi, ba ya komawa yadda yake.

Sai ya koma kan fanka. Babbar fankar motar nan ba ta lantarki ba ce, a jikin famfon ruwa take, tana da wani kulocinta mai mai a ciki wanda in ya ji zafi yake kamawa ya ja ta da ƙarfi. Injin na aiki da zafinsa, ya naɗe tsohuwar jarida ya kara a hankali a bakin fiffiken. Fanka ta tsaya cak. Ya ce da tana da lafiya da ta yayyaga jaridar nan. Wato wata ukun nan juyawa kawai take don idon mai kallo, ba iskar da take ja. (Kada wani ya je ya gwada da hannu ko da ƙarfe, shi ma sai da ya kori yaransa gefe.) Ya kuma bi fuskar lagireto da wata 'yar na'ura mai jan haske da ke auna zafi daga nesa, wasu layuka da zafi, wasu a ƙasa da sanyi. Waɗannan ruwan burtsatsena ne ya toshe su da farin gishirin da ke taruwa a gindin buta. Wannan laifina ne, na karɓa.

Muka yi magana a kan sabon lagireto, murfi, kulocin fanka, a mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 92, a warware aikin rewaya, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske rabi da rabi da tataccen ruwa. Ya ce tunda an zo wajen a duba famfo, na yarda, aka tarar fiffikensa na roba ya fara tsagewa. Shekara 20 da ɗoriya yana wanka a tafasasshen ruwa, bai ci bashin kowa ba. A kan tamostat na ɗan yi gardama, don har yanzu maganar na farkon tana kaina. Ya ce injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa mai yake sha, kuma cire shi bai taɓa gyara fankar da ta mutu ba. Na tafi gida ranar ina cewa na samu bakanike har abada. Har na fara tura wa abokai kwatancen wurin.

To, a nan daɗin ya tsaya. Kwana 3 ya ce mini. Kwana 11 motata ta yi a garejin nan. Waya in ta shiga ba ya ɗauka, in ya ɗauka yana wajen ɗaurin aure ko ta'aziyya, kayan kuma kullum "suna hanya daga Legas". Na haƙura da wannan, don duk mai tsohuwar mota ya saba. Abin da ban haƙura da shi ba, ashe shi gwaji kawai yake yi da hannunsa, ɗauri yaransa yake bar wa. Ranar da na je ɗauka, ban kai gadar Dangi ba allura ta sake tashi. Ku yi tunanin yadda na ji bayan duk kuɗin nan. Na koma a fusace. Ashe ba su fitar da iska daga cikin ruwan ba. Motar nan tana shan ruwa lita 10 da wani abu, kuma ba a tuttula mata ruwa a rufe kawai, akwai wani ƙaramin noti na roba kusa da murfi da ake sassautawa, a ɗaga gaban mota, a kai hita ƙarshen zafi, a riƙa zubawa sannu sannu har kumfa ta daina fita. Yaron da aka sa ya ɗaure notin da ƙarfin tsiya ya murɗe masa kai, ya ji tsoron faɗa, ya liƙe shi da gam ya yi shiru. Gam, a wurin da ke riƙe matsi! Dattijon ya yi masa faɗa a gabana, ya sake aikin da kansa bai karɓi ko sisi ba, wannan na ba shi. Amma da a hanyar Zariya abin ya same ni fa, da gasket ɗin da ya cece mini ya ƙone da gaske.

Sannan ga maganar mai. Na bar ta da fiye da rabin tanki, na same ta fitilar mai na ci. Ƙarƙashin kujera ɓawon gyaɗa da ledar fiya wata biyu. Daga baya ƙanin matata ya ce ai ya ga motata a titin gidan Zoo ranar Lahadi da yamma, rufi a zuge, samari biyu a ciki suna ta kiɗa, har ya ɗauka na sayar. Da na yi wa dattijon maganar cewa ya yi, "Yallaɓai, ai gwaji ne, dole a zagaya da ita a ga zafi." Gwajin rabin tanki, da gyaɗa. Ɗaya daga cikin maƙallan rufin ma tun ranar ba ya kamawa daidai, sai na danna da gwiwar hannu.

Shi ya sa in aka tambaye ni ko in tura mutum wurinsa nake rasa amsa ɗaya. A gano ciwo ban ga kamarsa a garin nan ba, kuma motar tun da ya sake fitar da iskar da hannunsa ba ta ƙara yi mini ba. Makon jiya na je Zariya na dawo da tsakar rana, na kuma tsaya da gangan a cunkoson Kantin Kwari da esi a kunne kusan rabin awa, ina jin fanka tana kamawa da gurnaninta tana saki, allura na tsakiya. Amma duk lokacin da na zo rufe rufin nan sai raina ya sake ɓaci.

Ranar Asabar zan mayar masa da ita a canza fambel, don ya ce ya fara tsattsagewa. Na riga na gaya masa a kan bencin nan zan zauna har a gama, makulli a aljihuna, kuma maganar maƙallin rufi ba ta mutu ba.