Sayen tikitin wasan Disamba ta waya

Manhajar da na sayi tikitin wasan Disamba na filin wasa na Accra da ita, in dai saurin biya ne, ba ta da laifi. Ina zaune a shagona a Nima na tura kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kafin shayina ya huce lambar QR ta faɗo waya.

Kuɗin hidimarsu ne ya ci mini tuwo a ƙwarya. Farashi ɗaya a fosta, sai ka kai shafin ƙarshe su ɗora nasu. Gwamnati ta soke harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, tun 2025, to wannan ƙarin na wa ne?

Tikitin ɗaure yake da sunanka, lambar kuma sau ɗaya take buɗe ƙofa. Samarin da ke tare mutane a bakin titi suna ninka farashi sun ragu sosai, wannan na yaba. Amma ƙanwata ta kwanta zazzaɓi ranar wasan, na ba ɗan maƙwabcinmu nata, aka ce sai an canza suna, lokacin canzawar kuma ya wuce. Mai duba tikiti ya ce, "Baba, wallahi ba daga ni ba ne." Yaron ya hau trotro, ƙaramar bas ta haya, ya koma Mamobi, kuɗin ma ba su dawo ba.