Wane Prolog za ka ɗauka idan manhajarka za ta yi aiki a wata na'ura?

A ce ka rubuta manhaja da C a kwamfutarka mai furosesa x86-64, dokokin yanke hukuncinta kuma ka zuba su cikin Prolog, harshen nan da Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro a Marseille a 1972. Yanzu so kake ka harhaɗa komai a nan, ka kwafe shi zuwa Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai furosesa ARM. To, kafin ka duba sauri ko yawan laburare, ga tambayar da za ka fara yi wa kowane injin Prolog: sai ya tayar da kansa a tsakiyar gini, ko kuwa?

SWI-Prolog shi ne mafi shahara a gidan. Jan Wielemaker ya fara shi a Amsterdam a 1987, lasisinsa na BSD ne, kuma cusa shi cikin C ba wuya: ka haɗa da libswipl, ka kira PL_initialise, shi ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne, da zarar CMake, mai tsara ginin, ya gama ɓangaren C, sai ya kunna sabon swipl ɗin, wato injin SWI-Prolog da aka gama ginawa, domin ya harhaɗa fayilolin Prolog na tushe su zama boot.prc. Swipl ɗin ARM kuwa ba ya tashi a x86. Ni dai na taɓa raba dare ina kallon "Exec format error", ina ta zargin gcc, mai harhaɗa C, ashe ba ruwansa. Maganin shi ne ka nuna wa CMAKE_CROSSCOMPILING_EMULATOR hanyar qemu-aarch64 na manhajar kwaikwayo QEMU, ya riƙa kwaikwayon ARM ɗin. Ginin zai ɗauki lokaci, amma zai kammala. Su kansu masu shi haka suke gina na Windows a kan Linux, da MinGW mai harhaɗawa don Windows da Wine mai kunna manhajojin Windows a Linux. Kada kuma ka manta, boot.prc da babban fayil ɗin laburare dole su bi manhajar zuwa na'urar. Sannan GMP, mai lissafin manyan lambobi, lasisin LGPL gare shi. Idan hakan zai dame ka, ana iya kashe shi wajen gini.

GNU Prolog na Daniel Diaz yana da jan hankali, domin gplc, mai harhaɗawarsa, yana mayar da Prolog ɗinka fayil guda da na'ura ke karantawa kai tsaye. Sai dai ma2asm, matakin da ke fitar da umarnin furosesa, na'urar da aka gina shi dominta kaɗai ya sani, kuma sai a sigar 1.5.0 ta 2021 arm64 ya shigo. Gara ka yi ginin a kan Pi ɗin kansa. Abin da ya fi damuna da shi: ba ya share tarkacen ma'adana da kansa, don haka manhajar da za ta yini tana aiki tana iya cika ta faɗi idan ba a yi rubutun da lura ba.

Ƙananan fa? Trealla da C zalla aka rubuta shi, lasisin MIT, yana kuma tafiya a WebAssembly, tsarin da ke sa manhaja ta yi aiki a cikin burauza. Idan da Go kake aiki, ichiban/prolog ya fi kowa sauƙi: ka sa GOOS=linux da GOARCH=arm64, ka buga go build, an gama. Farashin wannan sauƙi shi ne ƙarancin laburare da rashin sauri. Scryer na Rust ne, sai ka lura da abubuwan C da yake jingina da su.

SICStus na cibiyar RISE ta Suwidin na kuɗi ne, kuma ingancinsa ba a magana. Amma ka tambaye su a rubuce ko suna da injin na'urarka kafin ka ciro kati.

Da dokokina ɗari biyu ne ko uku, ba intanet ba zaren aiki da yawa, Trealla ko ichiban zan ɗauka. Ranar da na buƙaci clpfd, laburaren warware sharuɗɗa kan lambobi, ko sabar HTTP, sai in koma wa SWI-Prolog, in kunna QEMU, in ɗora shayi.