Sharhi: Gina bos da dokokin Mutants & Masterminds, bugu na 3

Mutants & Masterminds wasa ne na zaman tebur: kowane ɗan wasa ya riƙe jarumi guda, mutum ɗaya kuma ya zama jagora mai ba da labari da juya miyagu. Steve Kenson ne ya tsara shi, kamfanin Green Ronin na Amurka ya fara fitar da shi a 2002, bugu na 3 ya biyo baya a 2011. Na gwada shi wajen gina bos, wato babban mugun labari, don jarumai huɗu, kuma ra'ayina shi ne ya ƙware wajen auna ƙarfi, amma bos ɗin da aka gina da lissafi kaɗai ba ya kai labari.

Jarumai kan fara a matakin ƙarfi na 10 da maki 150 na sayen iko da ƙwarewa. Bos ba a ƙayyade masa maki, matakinsa ne kawai ke ɗaure shi. Saitin hari da ƙarfin bugu in an haɗa ba za su wuce ninki biyu na matakin ba, haka ma gocewa da tauri. Wannan doka ita ce abin da na fi yabawa a littafin, don tana tilasta zaɓi: ko bos ya zama mai zilliya da ba a cika samunsa ba, ko ya zama mai taurin da ake duka bai ji ba.

Bos ɗin gwajin sunansa Hazo. Injiniya ne a wata masaka a Sharada, aka rufe ta ba tare da an biya ma'aikata haƙƙinsu ba, ya kwashe ragowar injina ya ƙera sulke mai tayar da ƙura. Burinsa ya rufe Kano da hazo har sai masu masakar sun fito sun biya. Na zaɓi ƙere-ƙere a kan tsafi ko aljanu da gangan, domin a zaman Kano ba kowa ne ke sakin jiki da irin wancan labarin ba, ko da a wasa ne.

Na sa shi a mataki na 12, iyakarsa 24 ke nan. Babban makaminsa feshin yashi daga nesa, ƙarfi 14, saiti 10, maki 28. Wanda ya samu zai jefa dayis mai fuska 20, ya ƙara taurinsa, ya nemi 29, wato 15 da ƙarfin bugun. Jarumi mai tauri 10 sai ya jefa 19 ko 20 zai tsira lafiya. In ya jefa 10 ya gaza da 9, kansa ya juya, abu ɗaya tak zai iya yi a juyinsa.

Makami na biyu gajimaren ƙura ne mai shaƙe numfashi. Kowane mataki maki 3 ne, na shaƙewar da na nisa da na faɗin wuri, don haka mataki 9 ya ci 27. Tunda bai wuce 28 ba, ana maƙala shi a jikin makamin farko da maki 1 kacal, da sharaɗin ba a amfani da su lokaci guda. A nan sababbin jagorori ke yin tuntuɓe: harin da ke cin faɗin wuri ba a jefa masa saiti, saboda haka ƙarfinsa ba ya wuce matakin bos ɗin, 12, ba 24 ba. Sulken kuma a rubuta shi a matsayin wanda ba ya ciruwa sai an kayar da mai shi. In aka zaɓi mai saurin ciruwa don rangwamen maki, jarumi mai hanzari zai fizge shi a zagayen farko, faɗa ya mutu.

Babban aibin tsarin yana wajen faɗan mutum huɗu da ɗaya. A wannan wasa ba a ƙirga jini, duk bugu gwajin tauri ne, kuma duk gazawa tana rage 1 daga gwajin gaba. Da an bar Hazo a mataki na 10 da tauri 10, bugun jarumi mai ƙarfi 10 na neman 25, kuma jifa 1 zuwa 4 zai sa shi tangaɗi tun bugun farko, kashi 20 cikin 100 ke nan. Tangaɗi na biyu faɗuwa ce. Ko da tauri 14 da gocewa 10, jarumi mai saiti 10 yana samunsa da jifa 10 zuwa sama, shi kuma yana gaza rabin gwaje-gwajensa. Lissafin ya nuna yana rasa kusan 1 daga taurinsa a kowane zagaye, alhali su suna da juyi huɗu shi yana da ɗaya. Ƙara masa mataki ba magani ba ne, don in ya kai 14 bugunsa ya fara kwantar da jarumai tun ba su motsa ba.

Maganin yana cikin tarihinsa, kuma littafin ya ba da kayan aikin ko da bai ja kunne sosai a kai ba. Yaran bos, a doka, bugu ɗaya ke kayar da su in sun gaza gwajin tauri. To su waye yaran Hazo? Tsofaffin abokan aikinsa ne da yunwa ta kora wurinsa, magidanta masu iyali. Shida ko takwas daga cikinsu sun isa su cinye juyin jarumai biyu, kuma 'yan wasa kan tsaya gardama kafin su ɗaga musu hannu. Sai dokar tarnaƙi: jagora na iya sa bos ya sake jifa ko ya tsere, ya biya 'yan wasa da makin jarumta, wanda su ma za su iya kashewa su sake jifa. Tserewar da ba ta da tushe tana ɓata rai. Amma in an san tun farko Hazo ba ya yarda ƙurarsa ta shiga asibiti, ko cewa ruwa na kashe ta, to janyewarsa ta zama labari, jarumai kuma sun sami dabarar da ta fi naushi, ko da tankar ruwa ce suka jawo. Wannan raunin ma ya tsara lokacin wasan: ƙarfinsa na hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu, da damina ta faɗi sai ya ɓuya yana shiri.

Littafin da Turanci yake, kuma awonsa na ƙafa ne da fam, sai jagora ya riƙa juyawa zuwa mita da kilo. Babin iko yana da nauyi. Wanda bai saba ba ya fara da misalan da aka riga aka gina, ya canza musu suna da tarihi. Dayis ɗin lido mai fuska 6 ba ya aiki a nan, amma manhajar jefa dayis a waya ta wadatar, tunda guda ɗaya wasan ke buƙata. Takardar bos da jadawalin raunuka kuwa gara a kai shagon buga takardu a fitar da su, don neman shafi a waya a tsakiyar faɗa yana sanyaya zaman.