VintageVerb ko Fruity Convolver: wanne ya fi wa murya?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ya fi wa murya tsakanin VintageVerb da Fruity Convolver, fulogin biyu (ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a manhajar haɗa kiɗa) masu sa wa sauti ribab, wato amsa-kuwwa. Ɗauki VintageVerb na kamfanin Valhalla. Shi ke kan kwamfutata, kuma dalili ɗaya ya sa na riƙe shi: yana ba ka damar sarrafa launin amsa-kuwwar kanta, ba tsawonta kawai ba.

Wata rana wata mawaƙiya ta zo situdiyo da waƙar biki. Muryarta siririya ce, ga otatun (mai daidaita karin murya) a kai, sai duk inda ta furta "s" ko "sh" wutsiyar sautin ta riƙa tsiii kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Na rage ribab ɗin, murya ta bushe. Na ƙara, tsiiin ya dawo. Ashe matsalar kaifinsa ce. Sai na mayar da saitin Color na VintageVerb zuwa 1970s, wanda ke kwaikwayon na'urorin wancan zamani da sautinsu ba ya wuce wajen 10 kHz. Na sauke High Cut (mai yanke kaifi) zuwa wajen 6 kHz, na ɗaga Low Cut (mai yanke kauri) zuwa 300 Hz don kada ya cakuɗe da kalangu da bas, na ba PreDelay milisakan 30 domin kalma ta fita sarai kafin kuwwa ta biyo ta. Da ta saurara, tambayata ta yi ko makirufo na canza.

Inda ya fi burge ni shi ne sashen Damping. A ɗaki na gaske, labule da darduma da iskar kanta suna shanye sauti mai kaifi kafin mai kauri, shi ya sa kuwwa ke ƙara duhu tana mutuwa. Ikwalaiza, irin su High Cut ɗin nan, tana yanka iri ɗaya daga farko har ƙarshe, Damping kuwa yana sa kaifin ya riga sauran gushewa. Kunne yana jin bambancin ko a lasifikar waya, kuma a nan yawancin mutanenmu za su ji waƙar.

Fruity Convolver ba laifi, tunda yana cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Amma da kuwwar ɗakin da aka riga aka naɗa yake aiki, don haka ɗakin da aka naɗo shi za ka samu. Na taɓa sayen tarin irin waɗannan ɗakunan wurin wani, har yau biyu kacal na taɓa buɗewa.

Ka yi hattara da masu sayar da fulogin a filashi, ko masu cewa suna da lasisi a rabin kuɗi. VintageVerb dala 50 ne a shafin kamfanin, kuma Valhalla ba sa yin ragi. Wanda ya ce maka ya samo rangwame, fasasshe zai ɗora maka, wataƙila har da bairos.

In dala 50 ta yi nauyi yanzu, sauke Valhalla Supermassive, kyauta ne, sai dai wutsiyarsa doguwa ce, ka rage ta sosai kafin ka sa wa murya.