Waken Samaru: abin da na gani a gonata bana

Shekara uku a jere tsutsar nan mai huda fure da kwanso tana cinye mini wake a gonata da ke hanyar Hunƙuyi. Bara feshi bakwai na yi, har kafaɗata ta saɓule da goyon famfo, amma da kaka ta yi abin da na sheƙe bai taka kara ya karya ba. Maƙwabcina ne ya ce mini, "Malam, kana zaune a Zariya, Samaru na bakin ƙofarka, amma kana awon iri a kwano?" Maganar ta sosa ni, domin gaskiya ce.

Sai na wanke ƙafa na tafi cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru. Tun 1922 ake gwajin iri a wurin, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello da take ƙarƙashinta yanzu. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, ko SAMMAZ na masara ko SAMNUT na gyaɗa, daga can ya fito. Ni SAMPEA 20-T na nema, waken da aka fitar a 2019 musamman saboda wannan tsutsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin gonar da na samu bai yi mini daɗin baki ba. "Baba, kada ka je ka jingine famfo," in ji shi. "Tsutsar kaɗai wannan irin yake kashewa, sauran ƙwari suna nan." Ya kuma gaya mini ƙarara cewa iri ne da aka sarrafa ƙwayar halittarsa. Na san akwai masu ƙyamar hakan, har a gidana sai da aka yi muhawara.

Na shuka a farkon Agusta. Feshi biyu na yi, ɗaya da ya fara fure, ɗaya da kwanso ya fito. Wata safiya na tsuguna ina ɓare kwanso ɗaya bayan ɗaya, ina neman ramin nan mai baƙin kashi a baki da na saba gani. Na ɓare sun kai ashirin, ko ɗaya babu. Wata biyu da rabi muka fara roro.

Inda na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa shi ne ajiya. Na zuba rabi a buhun taki, ƙwaro ya shiga kamar kowane wake. Wanda ke cikin buhu mai leda biyu lafiya lau yake.

Ƙanena kuwa ya yi ƙyuyar zuwa Samaru, ya saya hannun wani dillali a kasuwa da ya rantse masa irin ne. Tsutsa ta yi bikin sallah a gonarsa. Ya riga ya ce baɗi in biyo masa mu tafi tare, shi zai zuba mai a babur.