Istirahar da muka kama a Harazat don zaman sanduƙin dangi

Ni aka ɗora wa neman istirahar, wato gidan da ake haya don biki ko taro, ni na biya arabun, wato kafin alƙalami, ni kuma na yi ta sintirin karɓo kuɗin ta'amin, wato na ajiya saboda ɓarna, daga baya, don haka ina ganin ni ya kamata in faɗa wa 'yan'uwa mazauna Jidda abin da na gani. Ba zan kama sunan istirahar ba. Irinta suna da yawa a Harazat, kuma abin da zan faɗa ya shafi kusan dukkansu.

Tun da aka rushe unguwannin Karantina da Gulail da Fetromin a Jidda, daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, zuri'armu ba ta sake haɗuwa wuri ɗaya ba. Da can ƙafa ke kai mutum gidan kowa. Magana ta taso, bayan isha'i a shimfiɗa darduma a ƙofar gidan Baffa, mu mata muna daga zaure muna ji muna sa baki, kafin shayi ya huce an gama. Yanzu wasu suna Hamdaniyya can arewa, wasu Bahra, gida shida sun koma Makka. Abin da ya rage yana ɗaure mu shi ne sanduƙin, wato asusun taimakon juna, da iyayenmu suka kafa: gida 41, kowane gida riyal 50 a wata, don jana'iza da asibiti da haihuwa. Kuɗin da ke ciki ya kai riyal 61,500, kuma an fi shekara biyu ana jayayya a kansa. Wasu na cewa a raba kowa ya kama gabansa tunda an watse, wasu na cewa a bar shi yadda aka gada, wasu kuma na son a ware rabi a riƙa ba da rance ga wanda haya ta sha wa kai.

Mun gwada a WhatsApp. Saƙon murya na minti bakwai, wani ya amsa da na minti goma, kafin gari ya waye an koma maganar wanda bai je gaisuwar wani ba. Da aka sa ƙuri'a a zauren WhatsApp ɗin, gida tara kawai suka taɓa, domin ƙuri'ar tana nuna sunan wanda ya zaɓi kowane abu, kuma babu mai son a ga sunansa ya saɓa wa na Baffa. Shi ya sa Kawu ya ce sai an zauna ido da ido.

Harazat tana gabashin Jidda ta wajen hanyar Makka, saboda haka ta zo wa mutanen Makka da na Bahra da sauƙi. Na kama daren Alhamis a kan riyal 1,300, daga la'asar zuwa ƙarfe biyu na dare, da ta'amin 500 da za a mayar idan ba a fasa komai ba. Ƙarshen hanyar babu kwalta, kuma babu fitila, wanda zai zo bayan magariba a tura masa alamar wurin a waya tun da wuri. Wurin ajiye mota wadatacce ne. Akwai ɗan tafkin wanka na yara, an kewaye shi da shinge mai kwaɗo, wannan ya kwantar mini da hankali sosai don yaranmu sun haura talatin. Ba sa dafa abinci, mandi, wato shinkafa da nama, muka sayo daga waje, su Gwaggo kuma suka zo da waina da miyar taushe. Kicin ɗin yana da murhun gas mai kai huɗu da firji babba, ya ɗauki hidimar ba tare da cunkoso ba.

Majalisar maza kyakkyawa ce. Doguwa ce, an jera matasai a jikin bango ta kowane gefe, babu kujerar da ta fi wata tsawo, kowa yana kallon fuskar kowa. Tamu ta mata ta fi ƙanƙanta, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya ne ke aiki a cikin biyu, banɗaki kuma ɗaya tak ga mata da yara fiye da hamsin. Duk wannan da sauƙi, an saba haƙuri da irinsa. Abin da ya kusa ɓata mana zama shi ne na'urar magana.

Makirfo ɗaya ne a gidan, yana ɓangaren maza. Mu lasifika kawai aka maƙala mana a saman ƙofa. Wato an tsara wurin don walima da ɗaurin aure, inda malam zai yi nasiha mata su saurara. Ban lura da wannan ba ranar da na je duba gidan, na tsaya ƙirga darduma da kofuna.

Bayan isha'i Kawu ya buɗe da addu'a, ya miƙa wa Baffa makirfo saboda girma. Baffa ya ce shi dai a raba. Ya ce ya tsufa, amana ta yi masa nauyi, ba ya son ya koma ga Allah da kuɗin mutane a wuyansa. Muryarsa tana rawa, kuma duk wanda ya san shi ya san da zuciya ɗaya yake magana. Daga nan sai muka fara jin abin da na ji tsoro. "Haka ne, Baffa." "Ni ma ina bayan Baffa." "Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Mutum takwas a jere. Har wani ƙanen mijina, wanda kwana uku kafin nan ya cika mini kunne da cewa raba kuɗin nan kuskure ne, shi ma ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

A ɓangarenmu ɗaki ya ɗauki guna-guni. Cikin gidaje 41 ɗin nan, 11 mata ne ke riƙe da su, yawanci waɗanda mazansu suka rasu. Su ne ba su taɓa fashin biya ba, su ne kuma za su fi jin jiki idan sanduƙin ya mutu. Muka aiki wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da saƙo, ya je ya tsaya bakin ƙofa kunya ta hana shi shiga. Muka kira wayoyin maza, duk an sa su shiru saboda taro. Muna zaune muna jin ana shirin shafa fatiha a kan kuɗinmu.

Hajiya Babba, yayar Baffa, ita ta miƙe da sandarta ta je ta buga ƙofar da ke tsakanin ɓangarorin biyu har sai da Kawu ya zo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa, "Kai da kake bin hanyar Makka kowane mako, Shumaisi da kake wucewa ba ita ce Hudaibiyya ba? A nan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, baƙin ciki ya hana kowa motsi. Wa ya ba shi shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya kira mai aski? Ummu Salama ce. To mu an kawo mu nan cin waina ne?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a yi haƙuri, kuskurenmu ne."

A nan ne hidimar mai gadin gidan ta fanshe kuɗin da muka kashe har da riba. Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai-Wurno ta jihar Sinnar, garin da ya samo suna daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi Mai Wurnon ne ya yi gabas da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa ta gauraya da Larabci amma garau take. Da ya ji abin da ake ciki, bai tsaya jiran maigidansa ba. Ya kwaso dardumai ya shimfiɗa a tsakar gida, ya jawo sitara, wato labulen nan mai ƙafafu da ake raba fili da shi ranar biki, ya kafa a tsakiya, ya ƙara wa makirfo doguwar waya yadda za a iya miƙa shi ta gefe. Minti ashirin ya gama. Yana aikin yana gaya wa Kawu cewa a wajensu idan ajawid, wato dattawan masu sasanci, suka zauna sulhu, sai kowane ɓangare ya amayar da abin da ke cikinsa kafin dattawa su ce uffan.

Kawu ya ɗauki wannan. Ya nemi iznin Baffa a sake zagaye, amma a fara daga gida mafi ƙanƙanta a haura sama, minti uku-uku, Baffa ya rufe. Ban taɓa ganin bambanci irin wannan a dare ɗaya ba, da mutane iri ɗaya. Wani ɗan yayata mai aikin lissafi ya ce idan aka raba, kowane gida riyal 1,500 zai samu, da ƙyar ya biya hayar wata guda, daga nan kuma ranar da aka yi rasuwa sai yawon roƙo. Matar marigayi Yaya ta karɓi makirfo ta bayan sitara ta ce ita hayarta kashi biyu ake biya a shekara, ba rashin kuɗin ne ke kashe ta ba, haɗa shi a lokaci ɗaya ne, idan ta sami rancen wata huɗu za ta tsaya da ƙafarta. Wata ta tuna wa masu takardar ɗan ƙasa a cikinmu cewa masu igama, wato takardar zaman baƙi, suna biyan kuɗin iyali, wanda ya fara da riyal 100 a 2017 ya kai 400 a wata kan kowane mutum tun 2020, don haka mai 'ya'ya biyar ba ya cikin hali ɗaya da su. Wasu mazan, wallahi, ranar suka fara jin wannan lissafin daga bakin wadda ke biya.

Da magana ta iso kan Baffa sai ya yi shiru ya daɗe. Ya ce shi ba mutuwar sanduƙi yake so ba, sauke kaya yake so. Ashe tun farko matsalar daban ce da wadda muka shekara biyu muna faɗa a kai. Nan take aka amince mutum uku su riƙe, biyu maza ɗaya mace, kada kuɗi ya fita sai da hannun biyu daga cikinsu.

Sauran maganar aka kai ta ƙuri'a, amma ba ta ɗaga hannu ba. Akwai wani ɗan ɗaki jikin kicin mai ƙofa biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, wanda ake miƙa abinci ta ciki. Muka ajiye tukwane uku masu murfi a ciki. Muka wanke ƙwallayen dabino 39, adadin gidajen da suka halarta, muka ɗiga wa kowanne jan farce don kada wani ya ƙara da na bakinsa. Kowane gida ya shiga shi kaɗai ya jefa. Mai gadi ya ƙirga a gaban kowa tunda ba shi da rabo a ciki: 7 a raba, 9 a bar shi yadda yake, 23 a buɗe rance. Lissafin ya nuna mini cewa a cikin takwas ɗin da suka ce suna bayan Baffa da farko, akwai waɗanda zuciyarsu ba ta wajen. Ban ga laifinsu ba, tarbiyyarmu ce, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai wanda ya shirya zama shi ya kamata ya nema wa mai kunya hanyar da zai faɗi gaskiyarsa ba tare da ya ci fuskar babba ba.

Ba duka aka tashi da daɗi ba. Gida biyu daga cikin bakwai ɗin sun ce za su fita, aka yarda a ba su kasonsu ba tare da wata magana ba, kuma har yanzu abin yana damuna. Lokaci ma ya ci mu. Ƙarfe biyu ta yi ba mu taɓo abin da za a yi da wanda ya ci rance ya kasa biya ba, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Ƙarin awa ɗaya riyal 100 ne, muka biya, amma yara sun yi barci, mutanen Makka suna da tafiya, sauro kuma ya sauko tsakar gidan sosai. Duk wanda zai zauna a waje ya zo da maganinsa.

Kuɗin ta'amin sai da na yi kwana tara ina kira kafin mai gidan ya turo, alhali ko kofi ba mu fasa ba. Wannan bai kyautu ba, kuma na gaya masa.

Duk da haka na sake kama wurin don zaman da za mu ƙarasa maganar masu kasa biya, saboda tsakar gidan, da ɗan ɗakin nan mai ƙofa biyu, da kuma mai gadin. Na sa sharaɗi a gyara mukayyif na mata, a kuma kawo makirfo na biyu, mai gidan ya ce zai kawo. Idan bai kawo ba akwai na aro a wajen ɗan yayata. Wanda zai kama istiraha don biki ya duba kicin da banɗaki. Wanda zai kama don shawara ya shiga ɓangaren mata ya tsaya, ya sa a kunna na'ura, ya yi magana, sannan ya tambayi wanda ke ɓangaren maza ko ya ji shi. Kawu ya ce wannan karon ƙarfe bakwai za a fara, kuma sai an tashi daga magana za a buɗe mandi.