Littafin tarihin Waliyya Teresa: ya ratsa ni, amma mai sayarwa ya cuce ni

Na yi odar littafin nan ne saboda 'yata, sunan baftismarta Teresa, ina so ta san mai sunanta. Kafin in miƙa mata na ce bari in leƙa, sai ga ni har ƙarfe biyun dare ban ajiye ba.

Teresa tana yarinya 'yar shekara bakwai a garin Avila na Sifaniya ta ja ɗan'uwanta Rodrigo su gudu su mutu saboda Almasihu, ɗan'uwan babansu ya kamo su a bayan gari. Na yi dariya sosai. Amma inda ya taɓa ni shi ne yadda ta kwatanta addu'a da ban ruwan lambu: da farko kana jan guga da wahala, sai na'ura mai juyawa ta rage maka aiki, sai rafi, a ƙarshe ruwan sama ya sauko ba ka ɗaga hannu ba. Ni da na tashi ina kallon babana yana fama da jigo a fadama, ban buƙaci bayani ba.

To, ana zuwa 1562, lokacin da ta buɗe ƙaramin gidan sistoci na Yusufu Mai Tsarki, mutanen gari suka taso mata, sai na buɗe shafi na ga fari fat. Shafuka goma sha shida babu ko ɗigon tawada! Yadda ta haɗu da Yohanna na Gicciye, waliyyin da ya zama abokin aikinta, da yadda ta kafa gidaje 17, duk sun tafi. Na tura wa mai sayarwar hoto a WhatsApp, ya ce "Madam, haka suka zo." Haka suka zo, ka karɓi kuɗina cif?

Gaskiya akwai inda na zarge shi a banza. Na ga an rubuta ta rasu 4 ga Oktoba 1582, washegari kuma 15 ga wata, na ce ga wata ɓarna kuma. Fada, wato limamin coci, shi ne ya fahimtar da ni cewa a daren ne aka sauya kalanda, aka tsallake kwana goma. Wannan na yafe.

Shafukan nan kam ban yafe ba. Mako uku ke nan yana cewa gobe. 'Yata har yanzu tana tambayata me ya faru bayan mutanen gari sun taso.